Dokin Tsere Bayan Ya Daina Gudu: Ina Ake Kai Shi, Wa Ke Ciyar Da Shi?

Tambaya: Wani Alhaji mai dawakin sukuwa ya rubuto cewa yana da ingarma ɗan shekara 9 da ya sha ciyo masa kofi, amma tun sukuwar bara yake ɗingishi a ƙafar gaba, bayan ƙwaurin ya kumbura. Ɗansa da ke karatu a Amurka ya gaya masa cewa a can akwai ƙungiyoyin da ake miƙa wa dokin tsere idan ya gama aiki, su riƙe shi har ƙarshen ransa ko su nema masa sabon gida. Yana so ya san yadda abin yake, ko abin dogaro ne, da kuma yadda zai yi da nasa dokin.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba dokin lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka kira dillali.

Yaronka bai yi ƙari ba. Ƙungiyoyin suna nan a Amurka da Birtaniya da Ostareliya da Japan, akwai wadda ta haura shekara 40 tana wannan aiki. Zan yi maka bayaninsu, amma ga abin da na fi so ka riƙe tun yanzu, daga bakin likitan dabbobi da ya daɗe yana shafa ƙafafun dawaki: abin da ƙungiya za ta iya yi wa doki ya danganta ne da halin da aka kawo mata shi. Wanda aka sauke wa sirdi da sauran lafiya a ƙafarsa yana samun gida, yana samun aiki. Wanda aka matsa wa har ya gurgunce, ko a Amurkar ma wurin ajiye shi kaɗan ne ƙwarai.

Daga lissafin shekaru matsalar ta taso. Dokin tseren Turawa, jinsin da ake kira Thoroughbred, yana shiga fili yana ɗan shekara 2 ko 3. Yawancin masu gudun fili sun gama kafin su kai 6 ko 7, masu tseren tsallake shinge a Birtaniya da Ailan ne kan kai 10 zuwa 12. To amma doki mai samun kulawa yana rayuwa shekara 25, wani har 30. Ka ga ke nan aikin da aka haife shi dominsa sau da yawa bai cin ko rubu'in rayuwarsa. Goɗiyoyi masu asali suna komawa haihuwa, ingarmu 'yan ƙalilan da suka yi zarra ana ajiye su don baye. Sauran mazan, waɗanda da yawansu an riga an dandaƙe su, wannan ƙofa a rufe take gare su. Kuma yawansu ba na wasa ba ne: a 1986 an yi rajistar dukusai sama da 50,000 a Arewacin Amurka, ko yanzu da abin ya ja baya ana haifar wajen 17,000 zuwa 18,000 duk shekara.

A Amurka akwai wani tsari da ke sa doki ya ɓace wa mai shi na farko. Kaso mai yawa na tserensu irin wanda duk dokin da aka sa a ciki na sayarwa ne a kan farashin da aka ƙayyade. Kafin a tashi wani zai jefa takardar saye, ana gama gudu ya ja dokin ya tafi da shi. Dokin da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya yi ta gangarowa daga tsere mai tsada zuwa mai araha, daga babban fili zuwa ƙarami, yana sauya hannu. Mai shi na ƙarshe shi ne mafi ƙarancin hali, kuma a hannunsa gurguntar ke faɗowa. Daga nan sai kasuwar gwanjo irin ta New Holland a jihar Pennsylvania, inda masu saye don nama ke jira. An rufe mayankun dawaki na ƙarshe a Amurka a 2007, biyu a Texas, ɗaya a Illinois, amma cinikin bai tsaya ba, manyan motoci ne suka koma kwasar dawakin zuwa Kanada da Meziko.

Abin da ya tada hankalin mutane shi ne ganin cewa suna ma ba ya ceton doki. Wani doki mai suna Ferdinand ya ci manyan tseren Amurka biyu, Kentucky Derby a 1986 da Breeders' Cup Classic a 1987, aka naɗa shi gwarzon dokin shekara, ya tara wa masu shi sama da dala miliyan 3 da rabi. 'Ya'yansa ba su yi gudun da aka sa rai ba, sai aka sayar da shi Japan a 1994. Can ma bai karɓu ba, ya koma hannun dillali. A 2003 mujallar Blood-Horse ta bi sawunsa ta gano ya mutu tun 2002, kuma dukkan alamu sun nuna a mayanka ne. Kafin shi akwai Exceller, wanda a 1978 ya tsere wa Seattle Slew da Affirmed a tsere ɗaya, alhali kowannensu ya lashe manyan kofuna ukun Amurka. A wata mayanka a Suwidin ya ƙare a 1997. A shekarar da labarin Ferdinand ya fito, wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, ya kafa gidan dawaki mai suna Old Friends a Georgetown ta jihar Kentucky. Masu sayar da manyan ingarmu ƙasashen waje kuma suka fara sa sharaɗin cewa idan dokin ya gama baye a mayar musu. Haka aka dawo da Silver Charm, zakaran Derby na 1997, daga Japan zuwa Old Friends a 2014.

Ƙungiyoyin iri biyu ne, kuma masu doki da yawa suna cakuɗa su. Iri na farko shi ne gidan riƙo har mutuwa. Doki ya shiga ba zai sake aiki ba, ci da sha da magani har ranar da Allah ya yi masa. Old Friends irin wannan ce, tana riƙe da dawaki sama da 200, masu yawon buɗe ido suna biya su shiga su ga tsofaffin zakaru, kuɗin na taimakawa wajen ciyar da waɗanda ba su yi suna ba. Wadda ta girme ta ita ce Thoroughbred Retirement Foundation, wadda Monique Koehler ta kafa a 1983. A 1984 ta fara ajiye dawaki a gidan yarin Wallkill na jihar New York, fursunoni na kula da su suna koyon sana'ar barga, kuma tsarin ya bazu zuwa gidajen yari a wasu jihohi. Ina yaba wannan dabara ƙwarai, domin gurgun dokin da ba mai iya hawansa ya samu amfani a can, mutumin da ke tsare shi ma ya fito da abin yi a hannunsa.

Matsalar riƙo har mutuwa ita ce gurbi ba ya buɗewa sai doki ya mutu. Dokin kilo 500 yana cin busasshiyar ciyawa kusan kilo 10 a rana, wato sama da tan 3 da rabi a shekara. Idan aka kawo shi yana ɗan shekara 6 ya rayu har 26, ya cinye sama da tan 70, ban da ruwa lita 25 zuwa 40 kullum, da gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8, da goge haƙora, da rigakafi, da maganin tsutsar ciki. A gurbin da doki ɗaya ya zauna shekara 20 ɗin nan, da an yi ta karɓar masu lafiya ana horarwa ana fitarwa, da gommai sun wuce ta wurin.

Wannan ne ya sa iri na biyu ya fi yawa, kuma a ganina shi ne ke ɗauke da nauyin gaske: a karɓi doki, a yi jinyarsa, a koya masa sabon aiki, a ba wani. New Vocations, wadda Dot Morgan ta fara a Ohio a 1992, tana fitar da ɗaruruwa duk shekara. A Birtaniya hukumar tsere ta kafa Retraining of Racehorses a 2000. Akwai kuma gasar Thoroughbred Makeover da ake yi a Kentucky, inda mahaya ke nuna abin da tsohon dokin tsere ya koya cikin watannin farko bayan barin fili. Manufarta mutane su riƙa neman irin waɗannan dawaki da kuɗinsu, domin dokin da ake biyan kuɗi mai kauri a saye shi don hawa, mai nama ba zai iya tayawa ba.

Bari in daɗe a kan abin da ake yi wa doki idan ya iso, don nan ne za ka fi ƙaruwa. Dokin da ke cikin horo yana yini yana kwana a ɗaki, sa'a 22 ko 23, ana fito da shi da sassafe ya yi gudu a mayar. Hatsi ake dura masa, ciyawa kaɗan. Cikin doki kuwa yana zubo da ruwan narkar da abinci dare da rana, ko da ci ko babu, domin an halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa. Shi ya sa idan aka zura na'urar leƙa ciki, 80 zuwa 90 cikin 100 na dawakin da ke horon tsere ana samun su da gyambon ciki. Irin wannan doki za ka ga yana yanga da abinci, yana cizo idan ana ɗaure majayi, gashinsa ya dushe, mutane su ce mugun hali ne. Ana ba shi maganin gyambon ciki, omeprazole na dawaki, wajen kwana 28, a sa ciyawa a gabansa kullum, a rage hatsi a hankali cikin makonni. Ba a yanke hatsi rana ɗaya, ba a kuma sake shi babban fili rana ɗaya, don zai zabura da gudu ya faɗa shinge. Ƙaramin gurbi ake fara sa shi, sannan a haɗa shi da tsohon doki mai sanyin hali, saboda tun yana ƙarami rabonsa da garke, ya manta yadda ake zama da 'yan'uwansa. Ana cire masa takalman tsere marasa nauyi, kofaton da ya yi laushi ya ɗauki lokaci yana ƙwari. A wannan tsakani yakan rame, naman gudu ya zube kafin na hutu ya hau, mai sabon hannu ya tsorata. Wani mako 6 ya ishe shi, wani sai wata 6.

Sai kuma horo, wanda rabinsa mantar da shi abin da ya sani ne. A fili, idan mahayi ya ɗame linzami dokin jingina yake yi a kai ya ƙara wuta, idan aka sassauta ne ya san an gama. Sabon mahayin da ya firgita ya ja da ƙarfi, gudu ya ce masa ya yi. Bai saba tsayawa a hau shi ba, yana tafiya ake cilla ɗan tsere bisa bayansa. Bai san ƙafafun mutum suna sauka har gefen cikinsa ba, don likkafar tsere gajera ce, kuma wanda ya saba ɗauka ranar tsere bai fi kilo 50 da 'yan kai ba. Na Amurka hagu kaɗai ya saba kewayawa, juya shi dama sai an koya masa. Jin lasifika da hayaniyar taro kan tuna masa da fili ya fara rawar jiki yana gumi. Amma yana zuwa da tarbiyyar da sauran dawaki ba su da ita a shekarunsa: ya san shiga mota, ya san wanka, ya san mai gyaran kofato da allurar likita, kuma yana da son aiki. Daga cikinsu ake samun dawakin tsallake, da na ƙwallon dawaki, da na 'yan sanda, da na kilisa, da waɗanda ake jinyar tsofaffin sojoji da yara masu buƙata ta musamman da su.

Duk wannan sai da ƙafa. Ranar da doki ya iso, abin da ƙungiya ke fara nema shi ne hoton ƙashi da na agara, don su ne za su faɗi makomarsa. Ɓallin ƙashi a gwiwa ana iya cire shi, dokin ya koma aiki. Agarar da ta ɗan yage sau ɗaya, aka yi jinyarta, tana ɗaukar mahayi shekaru a aiki mara tsanani. Amma gaɓar da aka yi ta yi wa allura ana danne ciwo ana gudu a kai har gurunguntsin ya cinye, babu mai dawo da ita. Masu wannan aiki a ko'ina kukansu ɗaya ne, wato tseren ƙarshe da mai doki ya ce bari a ƙara ɗaya a mayar da kuɗin abinci. Sau da yawa wannan tseren ne ke raba dokin da zai samu gida cikin wata biyu da wanda zai zauna a jerin jira ba mai so. Ƙungiyoyi da dama ba sa karɓar dokin da ba zai hawu ba sai mai shi ya haɗo da kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba.

Batun takarda shi ma babba ne. A Birtaniya cibiyoyi da yawa ba sa sayarwa, aro suke bayarwa: dokin yana nan mallakarsu har ya mutu, suna zuwa dubawa, idan mai riƙon ya gaza su ɗauke abinsu. A Amurka an fi miƙa mallaka da sharuɗɗa, ba tsere, ba kai shi gwanjo, a riƙa aiko da hoto da shaidar likita, idan za a rabu da shi a fara sanar da ƙungiya. Na fi amincewa da aro, domin sharaɗin sayarwa yana ɗaure wanda ya sa hannu ne kawai, da dokin ya wuce hannu na biyu da na uku ƙarfinsa ya ragu. Abin da ke taimakawa wajen bin sawu shi ne ɗan maɓallin lantarki da ake dasawa a wuyan doki, mai lambar da ba ta gogewa. Hukumar rajista ta Amurka ta wajabta shi ga duk dukushin da aka haifa daga 2017, tana kuma da hanyar rubuta cewa an sayar da doki bisa sharaɗin ya yi ritaya, ba za a sake sa shi tsere ba.

Ka tambaya ko abin dogaro ne. Wasu e, wasu a'a, kuma ko na ƙwarai suna iya tuntuɓe. Thoroughbred Retirement Foundation da na yaba ɗazu ta taɓa tara dawaki sama da 1,000, da yawansu a gonakin mutanen da take biya su riƙe mata. A Maris 2011 jaridar New York Times ta ruwaito cewa kuɗin riƙon ya yi ta makara, kuma likitar da aka tura dubawa ta tarar da dawaki da dama a rame, wasu sun mutu. Ƙungiyar ta musanta zarge-zarge da yawa, babban lauyan jihar New York ya kai ta kotu a 2012, aka sasanta a 2013. Tana nan har yau da garken da bai kai na da ba. Tausayi ne ya sa ta karɓi abin da ya fi ƙarfin aljihunta, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama gidajen ceto. A 2012 manyan harkar tsere suka kafa Thoroughbred Aftercare Alliance a Lexington, aikinta ta binciki ƙungiyoyi, ta duba littattafan kuɗinsu da gonakinsu da yarjejeniyoyinsu, wadda ta cika sharuɗɗa ta ba ta shaida da tallafi. Yanzu sama da ƙungiyoyi 80 ke da shaidarta. Ban da masu gazawa akwai 'yan damfara zalla, masu zuwa barga da murmushi su karɓi doki kyauta da alkawarin gida na har abada, kwana kaɗan yana cikin motar mayanka. An gurfanar da irinsu a kotunan Amurka. Wasu kuma a Facebook suke sa hoton doki su ce mota na zuwa gobe, a turo kuɗin fansa, su sayi wasu da ribar.

Don haka mai miƙa doki a can ana ba shi shawara ya je da ƙafarsa ba tare da sanarwa ba. Kada ya tsaya kan dawakin da ke bakin ƙofa, ya zagaya baya ya ga tsofaffi: haƙarƙari a rufe yake, kofato a gyare, kwamin ruwa da tsabta? Ya tambayi sunan likitansu ya kira shi, ya tambayi dawaki nawa aka dawo musu da su bara da inda suke yanzu. Ƙungiyar da ta ce ba ta taɓa mayar da kowa ba, duk dokin da aka kawo tana karɓa, ita ce abar tsoro.

Kuɗin kuwa, an gane cewa sadakar masu tausayi ba ta isa, dole harkar da ta ci moriyar dokin ta biya, kuma tun yana gudu, don ba a fafe gora ranar tafiya. A Ostareliya jihar New South Wales ta fara cire kashi 1 cikin 100 na kuɗin kyautar tsere a 2016 don jin daɗin dawaki. A Oktoba 2019 gidan talabijin na ABC ya nuna hotunan ɓoye na tsofaffin dawakin tsere ana azabtar da su a wata mayanka a Queensland, bayan haka jihar Victoria ta ɗaga nata kason daga 1 zuwa 2. A Yuli 2021 shirin Panorama na BBC ya ruwaito cewa an yanka kusan 4,000 a Birtaniya da Ailan tun farkon 2019, kuma daga Janairu 2022 duk dokin da zai yi tsere a Birtaniya sai an rubuta a fasfonsa cewa ba zai shiga abincin mutane ba. Abin baƙin ciki ne a ce kusan kowane gyara sai da kyamara ta tona asiri aka yi shi.

Yanzu ga naka, Alhaji. Cire batun kai shi waje daga ranka. Waɗannan ƙungiyoyi dawakin da suka yi tsere a ƙasarsu suke karɓa, kuma dokin da ya fito daga ƙasar da ke da cutar dawakin Afirka, irin tamu, sai ya yi kwana 60 a killace kafin ya shiga Amurka. Aikin da ƙungiya za ta yi, kai ne za ka yi shi.

Kumburi a bayan ƙwaurin gaba tare da ɗingishi bayan gudu ya fi kama da yagewar agara, amma sai likita ya sa hannu, in da hali ya ɗauki hoto. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri wuraren tuntuɓa ne. Kafin nan a daina hawansa ɗungurungum. Idan wurin na da zafi a riƙa kwarara masa ruwan sanyi minti 20, sau biyu ko uku a rana. Ina roƙonka abu biyu: kada a yi masa lalas, ƙuna ba ta ɗinke agara, tabo kawai take ƙarawa, kuma kada ɗan barga ya sayo allurar kashe ciwo a yi masa don ya fito fili, ciwon ne ke hana shi ƙarasa tsinka ta. Agara tana ɗaukar wata 9 zuwa 12, ana farawa da jan sa da ragama minti kaɗan kullum ana ƙarawa sannu a hankali. Ɗaure shi a turke da dabaibayi wata da watanni ba motsi shi ma ba jinya ba ne. Kuma ko ta warke, kamar igiyar da ta tsinke aka ƙulla take, ba ta miƙewa irin da, shi ya sa kaso mai yawa na waɗanda aka mayar tsere suke sake yaga ta. A shekara 9, shawarata sukuwa ta ƙare masa. A rage masa dawa da gero cikin mako biyu zuwa uku, a ƙara harawa da ingirici mai tsabta, domin cikakken hatsi ga dokin da ke tsaye yana jawo ciwon ciki da ciwon kofato.

Idan ya warke yana da abin yi. Zai yi kilisa, zai yi takama a jerin hawan Sallah, in asalinsa mai kyau ne zai yi baye. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne jahi da ƙwallon dawaki, saboda zabura da tsayawar farat ɗaya a kan agarar gaba suke sauka. Ka kuma tuna dokin sukuwa ne, kiɗa da bindiga da taro za su tada shi, sai mahayi mai natsuwa, ba yaro ba.

Idan ka ga riƙonsa ya yi maka yawa, inda na fi jin tsoro shi ne kyauta. A wurinmu kyautar doki girma ce, mai karɓa ba zai iya cewa a'a ba, ko da ba shi da halin harawar bazara. Wata shida ka ji an ce ya sayar. Gurgun doki kuwa idan ya shiga kasuwa, ko keken kaya ya ja har ya faɗi, ko ya bi motocin da ke kwasar dawaki daga kasuwanni irin ta Maigatari zuwa Obollo-Afor a jihar Enugu, inda ake yanka su. Ko ba a yi maganar yankan ba, tafiyar kwanaki a tsaye a cunkushe kan ƙafa mai ciwo azaba ce da bai cancanta ba. Ka ɗauki tsarin aro na Birtaniya: dokin naka ne, a rubuta a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar mahaya cewa ba sukuwa, ba sayarwa, ba miƙa wa wani, ranar da mai riƙon ya gaza ya dawo maka da shi ba kunya. Ka ɗauki hoton dokin ta ɓangare huɗu da alamominsa, ka riƙa aika harawa da kaka lokacin da take araha, ka riƙa leƙawa ba tare da ka ce kana zuwa ba. In kuma wata rana ciwo ya kai inda ba ya iya tashi ko magani ya daina yi, ka zauna da likita da malaminka a kan hutar da shi cikin sauƙi. Ƙungiyoyin kirki na waje suna da wannan a rubuce cikin ƙa'idojinsu, ba sa barin dabba tana shan wuya don kawai a ce tana raye.

Kai mai faɗa a ji ne a cikin masu dawaki. Ku kawo maganar cire ɗan kaso daga kuɗin shiga sukuwa da na kyauta, ko kashi 1 cikin 100 ne, a zuba a asusun da mutum uku za su sa wa hannu, don abinci da jinyar dawakin da suka ji ciwo a filinku. Ku buɗe littafi a rubuta kowane doki, mai shi, da inda ya koma idan ya daina gudu.

Kada kuma ka manta da ɗan barga. Yawancinsu daga kyautar ranar nasara suke samun na kashewa, don haka dokin da ya daina ciyo kofi shi ne ake ba ruwa a ƙarshe, shi ne ake mance share ƙarƙashinsa da cire masa kaska. Ka bar shi a hannun yaron da ya saba da shi, ka yanka masa wani abu na musamman duk wata a kan wannan dokin, ka gaya masa a fili cewa jan ragamar safe da yamma aikinsa ne kuma za ka riƙa tambaya.